Na Fizgi Kifi a Pulaski, An Ba Ni Tikiti: Ina Makomar Takarduna?

Tambaya

Assalamu alaikum Baba. Ni mutumin Yawuri ne, gidanmu Sarkawa ne kaka da kakanni. Shekarata shida a Bronx, cikin birnin New York, ina tuƙin haya, ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kuma ina shirin cike takardar zama ɗan ƙasar Amurka farkon shekara mai zuwa. A makon farko na Oktoba mu huɗu muka tafi garin Pulaski, can arewacin jihar New York, kamun kifin samon. Lasisi na saya, ban yi wasa da wannan ba. Kifi ga shi nan cike da ruwa, manya-manya, amma ko kallon ƙugiya ba sa yi. Da rana ta yi, sai na yi abin da na gani a bidiyo, wanda kuma hannuna ya sani tun ina yaro: na ƙara dalma, na jefa, na fizga. Na fitar da biyu, ɗaya a gadon baya, ɗaya a wutsiya. Ban ankara ba sai ga jami'ai. Suka karɓe kifin, suka rubuta mini tikiti biyu, aka sa ranar kotu wata mai zuwa.

Abokina ya ce in share, wai kotun ƙauye ce, tafiyar awa biyar, ba mai bin sawuna. Wani ya ce ko na biya, kada in ambata a fom. Ni abin da ya ɗaure mini kai, kifin nan mutuwa zai yi bayan ya zuba ƙwai, to mene ne laifina? Kuma ba ni kaɗai ke yi ba a wurin. Ɗaya daga cikinmu ya tsira da nasa guda uku, matarsa ta yi banda tana sayar wa mutanenmu, har tana cewa in mun koma mu kawo mata. Da na gaya wa mahaifina a waya dariya ya yi har da hawaye, wai Basarke ne aka kama da laifin kama kifi. Baba, ni ban ga abin dariya ba, barci ya ƙaurace mini.

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana. Mahaifinka yana da gaskiyar dariyarsa, ni ma na ɗan murmusa. Amma bari in fara da abin da ya hana ka barci, maganar kifi ta biyo baya.

Tikitin nan ƙaramin abu ne. Dokar New York ta jera laifuffuka hawa-hawa, kuma yawancin saɓa ƙa'idar kamun kifi suna hawa na can ƙasa, wanda jihar ba ta ma lissafa shi cikin laifin da ke sa a kira mutum mai laifi a takarda. Iyakar hukuncin wannan hawa tarar dala 250 ne, ko ɗaurin kwana 15, ko duka biyun, kuma abin da aka saba gani ga wanda ya zo karon farko shi ne tara da ɗan kuɗin kotu a kai. Irin wannan shi kaɗai ba ya ƙwace girin kad. Na ce yawanci, domin ban ga takardunka ba. A jikin kowane tikiti akwai lambar sashen dokar da aka ce ka karya, kuma wannan lamba ce za ta faɗi hawan da kake, ba bakin abokinka ba.

Abin da zai iya ɓata maka lissafi shawarwari biyun nan ne da aka ba ka kyauta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ɗauki ta farko, wai ka share. Kotun da aka rubuta a tikitin ƙarama ce, gaskiya ne. Wataƙila ɗaki guda ne a ginin ƙaramar hukuma, alƙalin ma ba kullum yake zama ba. Amma alƙali ne, kuma idan ranar ta zo ba ka zo ba, ba ka aiko da uzuri ba, yana da ikon sa hannu a takardar kamo ka. Takardar kamu ba ta zama a aljihun tebur a ƙauye, kwamfuta take shiga. Kai kuwa sana'arka a kan titi take, yini kake kana gilmawa ta gaban 'yan sanda. Ranar da aka tsayar da kai kan fitilar baya da ta mutu, jami'i ya buga sunanka, sai maganar kifi biyu ta taso da fasinja a bayan mota. Ko kuma ka je Yawuri gaida tsohon, ka dawo ka tsaya a layin filin jirgin JFK, a ce ka biyo mu ɗaki na ciki. Laifin da za a kashe da kuɗin aikin kwana ɗaya ko biyu ya koma kamu, kamu kuwa sawu yake bari, kuma mai lasisin tuƙin haya a birnin nan ya fi kowa sanin abin da sawun kamu ke jawowa. Ƙari a kan haka, kusan duk jihohin Amurka suna cikin wata yarjejeniya ta musayar sunayen masu karya dokar farauta da su. Wanda ya ƙi amsa tikiti aka dakatar da lasisinsa a jiha ɗaya, dakatarwar tana iya bin sa sauran.

Ta biyun ta fi muni. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ko wani jami'in tsaro ya taɓa kama ka, ko tsare ka, ko rubuta maka takardar saɓa doka, a ko'ina, a kowane lokaci. Mutanen da suka same ka a bakin kogi ba masu gadin daji ba ne irin na gida da za a lallasa da kuɗin goro. Jami'an kare muhalli na hukumar DEC cikakkun 'yan sandan jiha ne, da bindiga da ikon kamu. Saboda haka amsarka a wannan tambaya ita ce e. Inda mutanenmu ke ruɗewa shi ne, sun ji an ce tikitin mota da tararsa ba ta kai dala 500 ba, ba sai an kawo takardunsa ba. Wannan sassauci na laifin titi ne, kuma ko a can maganar kawo takarda ake yi, ba izinin ɓoyewa ba. Naka ba na titi ba ne.

Abokinka zai ce ai ba a ɗauki zanen yatsunka ba, ba yadda za a gano. Ta yiwu. Amma ka auna abin da kake sa wa a caca. Idan ka faɗa, jami'in zai duba takardar kotu, ya ga an biya, wataƙila ya tambaye ka girman kifin, ku wuce. Idan ka ɓoye, ranar ganawa hannu za ka ɗaga ka yi rantsuwa, kuma ƙarya bayan rantsuwa don neman takarda ita kaɗai ta isa ta rushe shaidar kyawun hali da doka ke nema a shekaru biyar ɗin da ake dubawa. Ko an ba ka takardar, in aka gano daga baya cewa da ɓoye-ɓoye aka same ta, akwai hanyar ƙwace ta. Sama da dala 700 za ka biya kuɗin fom, ga shekara shida na haƙuri da sanyi, ka ɗora duka a kan wutsiyar kifi? Tun watan Agustan 2025 hukumar USCIS, mai ba da takardar zama ɗan ƙasa, ta umarci jami'anta su riƙa duban halin mai nema gaba ɗayansa, ba rashin babban laifi kawai ba. A irin wannan awo, mutumin da ya yi kuskure ya je kotu a kan lokaci ya biya, ya fi wanda aka tono.

Ga yadda zan yi in ni ne. Gobe da safe zan kira lambar kotun da ke jikin tikitin, in tabbatar da rana da lokaci, in tambayi magatakarda ko dole sai na zo da ƙafata ko ana iya amsawa ta wasiƙa. In ranar ta zo daidai da wani uzuri, a nemi ɗagawa tun yanzu, a rubuce. Kana da haƙƙin tafinta kyauta a kotunan New York, ka nema tun da wuri ka ce Hausa, domin samo mai jin Hausa a wannan lungu ba aikin yini ɗaya ba ne. Kada kunya ta sa ka ce Turancinka ya isa. Turancin fasinja daban, na kotu daban.

Kafin ka amsa laifi, ko da baki ko a takarda, ka nuna tikitin ga lauyan da ya san dokar shige da fice. Tun 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa wajibi ne lauyan da ke kare baƙo ya gaya masa abin da amsa laifi zai jawo wa zamansa a ƙasa, wannan kaɗai ya nuna maka cewa kalma ɗaya a kotun jiha tana iya yin nauyi a wajen gwamnatin tarayya. In kuɗi ne matsala, kira 311 ka ce kana neman taimakon lauyan shige da fice na birni, ko ka leƙa African Services Committee a Harlem. Ka tambayi lauyan ko za a iya rufe maganar ta hanyar sasanta tara, domin dokar kifi da namun daji ta jihar ta bar ƙofar hakan. Wanda ba na so ka je wurinsa shi ne mai shagon cike haraji da tura kuɗi gida, wanda ke cike fom ɗin baƙi a bayan kanta. Bayan an gama, ka karɓi takardar kotu mai hatimi da ke nuna yadda shari'ar ta ƙare, ka karɓi biyu, ka ajiye ɗaya wajen fasfo. Sai ta shiga hannunka sannan ka aika fom. In hakan ya ja ka zuwa Maris maimakon Janairu, ba abin da ya ɓaci.

Abu ɗaya ka yi daidai, kuma na yaba: lasisinka naka ne, sunanka na gaskiya ka bayar. Na faɗi haka saboda masu karatu. Wanda ya miƙa lasisin ɗan'uwansa, ko ya ba da sunan ƙarya don tsoro, ya fita daga laifin kifi ya faɗa laifi na sosai. Wanda kuwa firgita ta sa ya ce wa jami'i shi ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba, wannan ya haƙa wa kansa ramin da lauyoyi da yawa ba su iya fitar da mutum daga ciki.

Yanzu mu koma ruwa, inda ka fi ni sani.

Ka ce mutuwa zai yi. Rabin gaskiya ke nan. Babban samon ɗin da ka kama, wanda suke kira Chinook ko sarki, asalinsa na Tekun Pasifik ne. Yana ƙyanƙyashewa a rafi, ya gangara babban ruwa ya yi shekara biyu zuwa huɗu yana ƙiba, sannan ya hauro rafin da ya fito, ya daina cin abinci, ya zuba ƙwai, ya mutu. Ba ɗan asalin Tafkin Ontario ba ne, babban ruwan da kogin Pulaski ke zuba a cikinsa. Na asalin, samon ɗin Atilantika, ya ƙare a tafkin tun kafin shekarar 1900 saboda madatsun ruwa da sare dazuka da yawan kamu. A ƙarshen shekarun 1960 aka fara zuba na Pasifik, bayan jihar Michigan ta gwada a 1966, don su cinye wani ƙaramin kifi da ya cika tafkunan yana mutuwa yana ruɓewa a gaɓa. Kuma ka ji abin mamaki: hukuma da kanta ta yi tunani irin naka. An ɗauka tunda ba ya cin abinci a kogi, ba hanyar kama shi sai fizga, aka halatta. Shekaru ana yi a Pulaski da manyan ƙugiyoyi masu baki uku da aka zuba wa dalma. Sai a 1995 aka haramta a kogunan da ke zuba cikin tafkin, bayan doguwar jayayya, domin masu shaguna da masaukai na garin suna tsoron kasuwarsu za ta mutu. Ba ta mutu ba, ai ka ga cunkoson da idonka.

Me ya sauya ra'ayi? Na farko, an gano cewa kifin yana kai cizo ko ba ya jin yunwa, don fushi ko kare wurinsa, saboda haka hujjar cewa ba wata hanya ta faɗi. Na biyu, ƙugiyar fizge makauniya ce. A ruwan nan ba Chinook kaɗai ke hawa ba. Akwai wasu dangin nasa da ke biyo shi suna cin ƙwan da ya zuba, su ba sa mutuwa, suna komawa tafki su sake dawowa baɗi, akwai kuma na Atilantika da ake ta wahalar farfaɗowa. Ƙugiyar da ta tsaga cikin wannan ba ta tambayar sunansa. Kai ma ka san cewa a kowane ɗaya da aka fitar, akwai waɗanda suka kuɓuce da rauni. Na uku, mutane. Ɗaruruwa ne tsaye kafaɗa da kafaɗa a kan duwatsu masu santsi, kowa na fizgar dalma da ƙarfinsa. In ta kuɓuce daga jikin kifi, fuskar na kusa take nufa.

Na huɗun shi ne wanda Basarke zai fi ganewa. Mutuwar da zai yi, bayan zuba ƙwai ce, kai kuwa kafin ya zuba ka tare shi. Mace ɗaya tana ɗauke da dubban ƙwai. A garin Altmar, sama kaɗan da inda ka tsaya, akwai gidan ƙyanƙyasar kifi na jiha da aka gina a 1980, kuma a watan Oktoban nan ne suke tatsar ƙwan da za su raina su zuba a tafkin. Wanda bai kai can ba, ko bai kai tsakuwar da zai binne ƙwansa ba, zuriyarsa ta yanke a hannunka. Da aka yi shekaru ana yanke wa 'ya'yan gidan ƙyanƙyasa wata 'yar ƙaramar fiffike don a bambanta su, sai aka tarar kusan rabin Chinook ɗin da ake kamawa a tafkin haihuwar kogi ne, ba na hukuma ba. Wato tsohuwar da ka gani ta yi baƙi tana jan jiki a ruwa mara zurfi, wadda ka ce ai ta gama, ita ce ke ɗauke da kifin da za ka zo nema nan da shekara uku.

Na san inda hannunka ya koyi abin. A gida mamari sana'a ce mai daraja: dogon layi, ƙugiyoyi birjik ba koto, kifi ya gilma ya sarƙe ta ko'ina. Ba wanda zai ce wa mai mamari ɓarawo, domin abinci yake nema wa gida. A nan kuwa lasisin da ka saya na dala 25 ba na neman abinci ba ne a idon doka, na wasa ne, kuma ƙa'idar wasan ita ce kifi ya kawo bakinsa da kansa. Ko ka yarda da wannan tunani ko ba ka yarda ba, ni kaina na daɗe ina ganin akwai ƙoshi a cikinsa, amma ruwan nasu ne, kuma da ka sa hannu ka karɓi lasisi ka karɓi sharaɗin. Naman halal ne, ba mai gardama, kifi ba ya bukatar yanka. Cika alkawari kuma wani babi ne.

Kuma kada ka bari tsohon ya yi maka dariya da yawa, domin mu ma muna da irin wannan. Ka tambaye shi wa ya isa ya jefa homa a Matan Fada kafin ranar bikin Argungu. Ruwan a rufe yake shekara guda, Sarkin Ruwa na tsaro, ranar da aka buɗe ma da kayan gargajiya kaɗai ake shiga, homa da gora. A 2008 wanda aka ba kyautar farko an ƙwace ta, aka kuma tsare shi, da aka gano cewa kifin ba a wurin aka kama shi ba. Ka tambaye shi yadda aka yi da masu zuba gamalin a ruwa, da masu tarun da ke kwashe 'ya'yan kifi a tafkin Kainji. Duk inda kifi ke taruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, mutanen wurin sun sa masa doka, in ba haka ba da tuni ya ƙare. Bambancin kawai, Sarkin Ruwan Pulaski yana da tabarau mai hangen nesa da littafin tikiti.

Da yake na ambaci tabarau: ka ce ba ka ankara ba. Ba za ka ankara ba. A lokacin hawan kifi ana ƙaro jami'ai daga wasu sassan jihar, wasu cikin kayan gida suna tsaye da sandar fatsa kamar kowa, wasu a cikin itatuwa suna kallo, da dare kuma suna da na'urar gani a duhu. Sauran masunta ma suna kiran waya su kai rahoto. Abin da suke dubawa a rubuce yake a littafin doka: yawan fizgar sanda da ƙarfi, a kai a kai, shi ne alamar. Kalmar littafin ita ce snatching, mutanen bakin kogi kuma suna cewa snagging, duk abu ɗaya ne. Tikitinka na biyu kuwa, ina kyautata zaton na riƙe kifin ne. Ko da tsautsayi ƙugiya ta kama kifi a baya ko a wutsiya, wanda ke faruwa ga kowa in ruwa ya cika, doka ta ce a sake shi nan take. Laifin yana farawa ne lokacin da ka ja shi gaɓa ka zura masa igiya.

Ka ce wasu na yi ba a taɓa su ba. Na ji abin da ke ƙarƙashin maganar, kuma ba zan ce maka baƙar fata mai baƙon harshe ba ya fin jawo ido a irin wannan gari ba. Amma kai da bakinka ka ce ka yi. Wannan hujja ba ta da amfani a gaban alƙali, kada ma ka ɗauko ta.

Bidiyon da ka gani wataƙila ba ƙarya ya yi ba, wurin ne ba naka ba. A Amurka kowace jiha da dokar ruwanta, wani lokaci kowane kogi. A Chicago an yarda a fizgi samon daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Disamba, amma a 'yan wurare ƙididdigaggu kamar tafkin Lincoln Park da mashigar Jackson. A Alaska ana yi a ruwan gishiri a gaɓar Seward, a ruwan daɗi kuwa haramun ne. A jihar Washington abin da ka yi ba ƙaramin hawa ba ne, laifi ne da ke iya kai wa ɗaurin kwana 364 da tarar dala 5,000, ka ga da can ka je da wannan amsa ta sha bamban. 'Yan'uwanmu na Toronto su ma su ji: a Ontario haramun ne, kuma a Port Hope abin ya kai tun 2024 ana rufe wani yanki na kogin Ganaraska gaba ɗaya daga 1 ga Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, mai gaskiya da mai fizga duk aka hana su.

Maganar abokinka da bandar matarsa ta fi taka damuna. Lasisin wasa ba ya ba da izinin sayarwa. Sannan ka tuna hanyar da kuka biyo. In ta babbar hanya mai lamba 81 kuka gangaro kamar yadda yawancin mutanen Bronx ke yi, kun ratsa Pennsylvania da New Jersey kafin ku shigo gida. Akwai dokar tarayya mai suna Lacey, tun 1900 take, wadda a yau ta haramta tsallaka iyakar jiha da kifi ko naman dajin da aka kama ta hanyar da jihar ta hana. Ba na ce za a aiko jami'an tarayya kan kifi uku ba, masu safara da yawa suka fi nema. Amma wanda ya mayar da abin kasuwa, yana zuwa duk mako yana cika akwatin ƙanƙara, yana tallatawa a WhatsApp, ya fara kama da waɗanda ake nema, kuma shari'ar tarayya ba irin taka ba ce ga mai girin kad, balle ga wanda takardunsa ba su gama nuna ba. Ka gaya masa a asirce, ba a gaban matarsa ba. Ka kuma ce mata ta yi haƙuri, ba za ka kawo ba.

Akwai kuma lafiya, wadda ba wanda ya tambaye ni. Tafkin Ontario ya sha dattin masana'antu shekaru da yawa, sinadarai irin su PCB da mirex sun kwanta a cikinsa, kuma a kitsen manyan kifaye suke taruwa. Ruwan ya gyaru sosai, amma har yanzu Ma'aikatar Lafiya ta jihar tana fitar da shawarar yawan da ya kamata a ci a wata, ta fi kuma tsanantawa ga yara da matan da ke shekarun haihuwa. Masu sayen bandar nan masu jego ne da masu ciki, su ake dafa wa farfesu. Banda da fatarsa da kitsensa ake yi, wurin da dattin yake. In za a ci, a feɗe fatar, a yanke kitsen ciki da na gadon baya, a gasa yadda man zai tsiyaye. Ni a bakina ma, wanda ya daɗe a kogi ya yi baƙi namansa ya saki, ko kusa bai kai giwan ruwan Yawuri ba.

Ba na so ka bar ruwa saboda wannan. Mutumin da ke yini a kujerar mota yana bukatar ranar da zai tsaya cikin kogi, kai kuwa jininka ne. In an kashe shari'ar, kuma ba a taɓa lasisinka ba, ka koma. Amma ka karanta littafin dokar na shekarar, kyauta ake ba da shi inda ake sayar da lasisi, yana kuma shafin DEC, ka nemi shafin Salmon River, wato kogin na Pulaski, musamman domin nata ƙa'idojin daban ne kuma ana sauya su. A lokacin hawan kifi ƙugiya ɗaya ce mai baki ɗaya, buɗewar bakinta kada ta wuce rabin inci. Tsakanin dalma da ƙugiya kada ya wuce ƙafa 4, kuma an sa wannan ne saboda wata dabara ta ja dogon zare ya ratsa buɗaɗɗen bakin kifi har ƙugiya ta maƙale a gefen leɓe. Masunta suna ta gardama a kanta, wasu na cewa fizga ce da ta sa babbar riga. Kai da ke da tikiti a baya, ka nisance ta. Ba a kamu da dare. Adadi uku ne a yini in an haɗa samon da danginsa, wasu nau'in kuma ɗaya tak. Wani yanki na ƙasan kogin mallakar masu shi ne, sai an biya ake shiga, wani yanki can sama kuma kamawa ake a saki. Mai shagon kayan fatsa a garin zai haɗa maka zaren da ya dace cikin minti biyar in ka tambaya, kuma in ku huɗu kuka haɗa kuɗi kuka ɗauki ɗan jagora mai lasisi yini ɗaya, za ku koyi yadda ake sa kifin da ba ya jin yunwa ya kai cizo. Kuɗinsa da tarar da za ku biya in an kama ku ba su da nisa da juna.

Ranar kotu ka tashi da asuba, ka sa kaya masu kyau, ka riƙe tikitin da lasisin da katin shaida, ka isa kafin lokaci. In kotun ta yi zamanta da wuri, ka ɗan ƙarasa Altmar kafin ka juyo. Akwai wurin da baƙi ke tsayawa suna kallon kifi na tsallen matakalar ruwa, ba ko sisi. Ka ɗauko wa tsohon bidiyo, ka tambaye shi ko a zamaninsa ya taɓa ganin kifi na hawa bene.